Tramol a Zangon Kumasi: Taƙaitaccen Tarihin Wata Ƙwaya

A cikin shekarar 1962 ne masana harhaɗa magunguna na kamfanin Grünenthal da ke Jamus suka samar da tramadol, kuma aka fito da shi kasuwa a 1977 da sunan Tramal. Maganin kashe raɗaɗi ne, dangin ofiyom, amma an ɗauka cewa ƙarfinsa bai kai na mofin ba, don haka ba a saka shi cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙayyade cinikinsu ba. Ɗalibi ya riƙe wannan batu, domin shi ne mabuɗin abin da ya biyo baya: kowace ƙasa aka bar ta da dokarta, masu safara kuwa suka bi inda shinge ya yi ƙasa.

A Amurka annobar ta faro ne daga alƙalamin likita. Bayan fitowar OxyContin a 1996, rubuta irin waɗannan magunguna ya yi ta hauhawa har ya kai kimanin miliyan 255 a 2012, sannan ya fara sauka. Lamarin Afirka ta Yamma daban ne. Galibin ƙwayar ba ta bi ta asibiti ba. Daga Indiya aka riƙa loda ta a jiragen ruwa zuwa tashoshi irin su Tema da Lome da Kwatano da Legas, daga nan ta shiga kemis na unguwa da tiren masu talla. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince ne da mai miligiram 50 da mai 100 kawai, amma wadda ta cika titi tana ɗauke da 120 ko 225 ko 250. Iyakar da likitoci suka sani ita ce miligiram 400 a yini. Ƙwaya biyu ta titi mai 225 ko 250 ta riga ta zarce ta.

Zangon Kumasi, wanda fataken goro da malamai daga ƙasar Hausa suka raya musamman bayan rikicin Salaga na 1892 da faɗuwar Asante a hannun Ingila, tun asali wuri ne na ƙwadago da ciniki. A ganina nan ne ya kamata a nemi bayanin yaɗuwar tramol a unguwanni irin su Aboabo da Asawase. Ɗan dako a kasuwar Kejetia, da direban da zai kwana a hanyar Tamale, da mai haƙar zinare a daji, da yawansu sun fara sha ne don jiki ya jure aikin gobe. Wanda ya kira abin lalacewar tarbiyya kawai ya faɗi rabin magana. Sai dai jiki kan saba, adadin ya ƙaru, daga nan farfaɗiya da sarƙewar numfashi su biyo baya, ranar da babu ƙwaya kuma a kwana da zufa da ciwon gaɓoɓi.

Shekarar 2018 ce ta zama mararraba. A watan Afrilu Indiya ta saka tramadol ƙarƙashin dokarta ta miyagun ƙwayoyi. A farkon Mayu Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken da BBC ta watsa. Ghana ma a shekarar ta hana maganin tarin mai kodin, ta kuma tsaurara sayar da tramadol. Binciken ƙasa da Najeriya ta gudanar tare da ofishin UNODC, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne ke shan wannan rukunin magunguna ba bisa umarnin likita ba. A 2020 Ghana ta yi sabuwar dokar ƙwayoyi da ta ba da damar tara maimakon ɗauri ga wanda aka kama da abin shansa kaɗai.

Kasuwa ba ta mutu ba, kaya ta sauya. Gaurayen tapentadol da carisoprodol, wanda ya fi tramadol haɗari, ya maye gurbinsa, har sai da wani binciken BBC na Fabrairun 2025 ya sa Indiya ta hana haɗa shi.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika kawowa a wa'azi ko jarida ba. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa rabin al'ummar duniya mafi talauci ba su samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da ake rabawa. Ke nan a gari guda, saurayi na samun mai 225 a bakin titi, alhali mai ciwon daji na iya rasa abin da zai sauƙaƙa masa dare. Duk lokacin da aka ƙara tsaurara doka, mai harhaɗa magunguna kan ji tsoron ajiye maganin, kuma mara lafiyar da ke riƙe da takardar likita ne ke fara komawa gida hannu rabbana.