Rarraba Halayen Ɗan Adam: Daga Jalinusu Zuwa Myers

Al'adar kasa mutane gida-gida bisa halayensu ta girmi ilimin halayyar ɗan Adam na jami'o'i nesa ba kusa ba. A hannun likitoci ta faro. Jalinusu, likitan nan Bagirke da aka haifa a shekarar 129 Miladiyya, ya gaji ra'ayin cewa ruwa iri huɗu ne ke gudana a jiki: jini, da balgamu, da safra'u, da sauda'u, kowanne da rabonsa na zafi ko sanyi, danshi ko bushewa. A kan wannan aka gina cewa wanda safra'u ya rinjaya a jikinsa mai saurin fushi ne, mai sauda'u kuwa ba ya rabo da tunani da ɓacin rai.

Ibn Sina ya tsara wannan ilimi a littafinsa Alƙanun, wanda ya kammala a 1025, kuma ta littattafan ɗibbu na Larabci malamanmu na zaure suka san waɗannan sunaye. Abin lura, a wurin magabatan nan ɗabi'a ba ta zaune wuri ɗaya. Yaro mai zafi ne da danshi, tsoho mai sanyi da bushewa. Abinci da yanayin shekara suna karkata ta, likita kuma yana iya daidaita ta.

A 1921 Carl Jung na ƙasar Suwizalan ya fitar da littafinsa kan ire-iren halaye, inda ya bambanta mai karkata ga zuciyarsa da mai karkata ga jama'a, amma bai ɗauka akwai wanda ya faɗa gida ɗaya kacokan ba. Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, mutanen Amurka, su ne suka mai da ra'ayinsa takardar tambayoyi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wadda ke jefa kowane mutum cikin ɗaya daga gidaje 16.

A ganina, nan aka yi hasarar wani abu da Ibn Sina ya riƙe, domin mai amsa tambayoyin yakan ɗauki haruffansa huɗu tamkar tsagen gado. Alhali kuwa bincike ya nuna mutane da yawa sukan sauya gida idan aka sake gwada su bayan 'yan makonni. Ma'aikatan gwamnati da ke zauren nan su lura: kamfanin da ke buga gwajin, shi da kansa, ya yi hani da a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata.