Me ake nufi da « shiga ƙungiya »? Tarihin ƙungiyoyin masu sana'ar motsa jiki da kimiyyar wasanni

1. Matsalar kalma

Duk wanda ya taɓa juya takardar Faransanci zuwa Hausa ya san wahalar kalmar « ƙungiya ». Inda Faransanci yake rarrabe « association » da « syndicat » da « société savante » da « ordre », mu suna guda muke sawa, da aikatau guda: a « shiga ». Galibi wannan ba ya hana fahimta. Amma akwai sana'o'in da bambancin yake taɓa abincin mutum, kuma sana'ar malaman motsa jiki da masana kimiyyar wasanni tana cikinsu. Matashin da ya gama karatu a wannan fanni, aka ba shi shawara ya shiga ƙungiyar sana'arsa, yana da hakkin ya tambayi abin da katin zai ba shi: izinin aiki ne, ko kariya gaban mai biyan albashi, ko kuwa mujalla da kujera a wajen taro? A cikin wannan ɗan nazari muna so mu nuna cewa amsar ta danganta ga ƙasa, kuma tarihi ne ya raba hanyoyin.

2. Faransa: tsakanin soja da likita

A Faransa sana'ar ta girma a gidajen wasu. Gida na farko na soja ne. A 1852 aka buɗe makarantar Joinville, kusa da Paris, don horar da sojojin da za su koyar da atisaye, kuma shekaru da dama daga nan ne makarantun boko suke samun masu koyarwa. Bayan kashin da Faransa ta sha a hannun Jamusawa a 1870, sai gyaran jikin samari ya zama maganar ƙasa: a 1873 aka kafa tarayyar ƙungiyoyin atisaye ta Faransa, a 1880 doka ta wajabta darasin a makarantun yara maza, a 1882 kuma aka fito da bataliyoyin ƴan makaranta, yara suna fareti da bindigogin horo. Wanda ya shiga ƙungiya a wannan zamani don kishin ƙasa ya shiga. Ba a yi maganar sana'a ba tukuna.

Gida na biyu na likita ne. Likitoci irin su Philippe Tissié, wanda ya kafa ƙungiyarsa a Bordeaux a 1888, sun bi tafarkin Ling, mutumin Suwidin da ya buɗe cibiyarsa a Stockholm a 1813, suna cewa motsa jiki maganar lafiya ce kafin ta zama maganar yaƙi. Mabiya wannan tafarki ne suka kafa tarayyar ƙasa da ƙasa a Bruxelles a 1923, wadda ta ɗauki sunan FIEP a 1953. Da jami'a ta buɗe ƙofarta a 1927, da cibiyoyin larduna da ake kira IREP, sai aka rataya su ga sassan koyon likitanci. Watau malamin motsa jiki ya fita daga bariki ya faɗa asibiti, kuma a wuraren biyu shi mai aiwatar da umurnin wani ne. Likitocin wasanni ma sun riga shi samun gida nasu, tunda a 1928, lokacin wasannin Olimpik na hunturu a Saint-Moritz, suka kafa tarayyar da aka sani yau da FIMS.

Abin lura a nan shi ne hanyar da malaman suka bi don su fita daga ƙarƙashin waɗannan iyayengiji. Gwamnati suka fuskanta, tunda ita ce mai ɗaukar aiki, ita ce mai jarrabawa, ita ce mai albashi. Makamin da ya dace da wannan kuwa sandika ne, watau ƙungiyar ƙwadago. SNEP, sandikar malaman motsa jiki da aka kafa a ƙarshen 1944, ta shafe shekaru tana neman abu biyu: a mayar da darasin ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, kuma a ba fannin matsayi a jami'a. An samu biyun, amma a makare. A 1975 aka buɗe karatun STAPS, watau kimiyya da dabarun motsa jiki da wasanni. A 1981 darasin ya koma ma'aikatar ilimi daga ta matasa da wasanni. A 1982 aka ƙirƙiro masa « agrégation », babbar gasar ɗaukar malamai. A 1983 fannin ya samu sashensa, na 74, a majalisar jami'o'i ta ƙasa. Ga waɗanda suke aiki a wajen makaranta kuma, dokar 6 ga Agusta 1963 ta riga ta shardanta shaidar gwamnati ga mai koyar da wasa don kuɗi.

Sakamakon wannan tarihi a fili yake. A Faransa takardar shaidar gwamnati ce take buɗe ƙofar aiki. Mutum yana iya yin shekara arba'in yana koyarwa bai taɓa biyan kuɗin wata ƙungiya ba, kuma ba wanda zai ce masa uffan.

Mai nazarin harshe ba zai wuce jerin sunayen nan bai tsaya ba: « gymnastique », sannan « éducation physique », sannan aka ƙara « et sportive », sannan « sciences et techniques ». Kowane sabon suna neman sabon ubangida ne ko guje wa tsoho. Kalmar « éducation » ta kai su ga ma'aikatar ilimi, kalmar « sciences » ta kai su ga jami'a.

3. Inda ƙungiya take ba da shaida

A ƙasashen Ingilishi gwamnati ba ta riƙe sana'ar haka ba, don haka ƙungiyoyi suka cike gurbin. A Amurka wasu likitoci da malaman motsa jiki suka kafa ACSM a 1954. Da farko ƙungiyar masana ce, mai taro da mujalla. Amma da aka soma gwada masu ciwon zuciya a kan na'urar gudu, ana kuma tsara musu motsa jiki, sai tambaya ta taso: wa ya cancanci ya tsaya kusa da majinyacin? A 1975 ƙungiyar ta buga littafinta na ƙa'idojin gwaji da tsara motsa jiki, ta kuma soma ba da shaidar ƙwarewa bayan jarrabawa. Shaidar ba doka ba ce. Sai dai idan asibitoci da ɗakunan motsa jiki suka saba tambayarta, wanda ba shi da ita yana ji a jikinsa.

A Birtaniya, a 1984, ƙungiyoyi uku suka haɗe, ciki har da ta masu nazarin halayyar ƴan wasa da ta masu nazarin motsin gaɓoɓi, suka zama BASS. A 1993 aka ƙara harafi guda, ta koma BASES. Harafin na kalmar « exercise » ne, kuma ya faɗaɗa fagen daga zakarun fili zuwa ga tsoho da mai ƙiba da mai ciwon sukari, inda ayyukan yi suka fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙungiyar tana tantance ƙwararru bayan sun yi aiki ƙarƙashin kulawar wani babba, kuma daga 2025, bayan ta samu takardar amincewar masarauta, CASES ake kiranta.

Misalin Ostiraliya ya fi kowane fitowa sarari. An kafa ƙungiyar can a 1991, ta ɗauki sunan ESSA a 2010. A 2006 tsarin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, ya yarda ya biya wani kaso na aikin masanin motsa jiki ga masu ciwo mai daɗewa, in likita ya tura su, da sharaɗin masanin yana da tantancewar wannan ƙungiya. A nan gwamnati ta ɗora kuɗinta a kan hukuncin wata ƙungiya mai zaman kanta. A ganinmu wannan tsari yana da fa'ida da haɗari. Fa'idarsa, masu sana'a su ne suka san aikinsu, kuma shaidar tana buƙatar sabuntawa, ba kamar diflomar da ake samu sau ɗaya a rataye a bango ba. Haɗarinsa, mai tsaron ƙofa shi ne kuma mai karɓar kuɗin shiga kowace shekara, ga shi waɗanda suke ciki ba su cika son cunkoso ba.

4. Shekarar 2016

Raunin tsarin Faransa ya bayyana lokacin da masu digirin STAPS suka nufi fagen lafiya. A can suka tarar da masu gashi da gyaran gaɓoɓi, « masseurs-kinésithérapeutes », waɗanda doka ta ba shaidar gwamnati tun 30 ga Afrilu 1946, kuma suka samu « ordre » nasu da dokar 2004, aka girka shi a 2006. « Ordre » ba a shigarsa don ra'ayi: rubuta suna a kundinsa wajibi ne, yana da kotun ladabtarwa, yana iya hana mutum aiki. Masu koyar da motsa jiki ga majinyata da naƙasassu, fannin da ake kira APA wanda ya samo sunansa daga Kebek a shekarun 1970, ba su da irin wannan. Abin da suke da shi ƙungiya ce ta sa-kai, SFP-APA, bisa dokar ƙungiyoyi ta 1901.

Dokar lafiya ta 26 ga Janairu 2016 ta ba likita ikon rubuta wa mai ciwo mai daɗewa motsa jiki kamar yadda yake rubuta magani. Nan take aka shiga ja-in-ja a kan wanda zai karɓi majinyacin. Dokar zartarwa ta 30 ga Disamba 2016 ta jera masu izini, ta sa masu digirin APA a ciki, amma ta keɓe majinyatan da rauninsu ya tsananta ga ma'aikatan lafiya, kuma ba ta tanadi biyan kuɗin aikin daga inshorar gwamnati ba. Ƙungiyar sa-kai ta yi magana, an kuma saurare ta. Sai dai ta zauna teburi ne da hukumar da doka ta ba haƙora.

5. A wajenmu

Nijar tsarin Faransa ta gada. Cibiyar matasa da wasanni ta Yamai, INJS, tana horar da malaman motsa jiki, kuma shaidar gwamnati ce take kai su aji. Ƙungiyoyin sa-kai kuwa an shimfiɗa musu ƙa'ida da dokar 84-06 ta 1 ga Maris 1984. Saboda haka ɗalibinmu da ya karanta a intanet cewa zama mamban wata ƙungiyar waje zai mai da shi « ƙwararre » ya kamata ya rarrabe abu biyu da ƙungiyoyin kansu suke rarrabewa: zama mamba, wanda kuɗi da takardar karatu suke sayowa, da samun tantancewa, wadda take buƙatar jarrabawa ko aiki ƙarƙashin kulawa. Na farko yana kawo mujallu da sanin mutane, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga mai bincike da yake shi kaɗai a fanninsa. Na biyu yana da daraja ne kawai inda mai ɗaukar aiki ya san shi.

Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan bambanci. Mahauci ba ya « shiga » fawa yadda ake shiga ƙungiyar samari. Gado yake yi ko ya koya a hannun wani, kuma Sarkin Fawa yana da ta cewa a kan wanda zai yanka a kasuwa. Wannan ya fi kusa da « ordre ». Don haka, ga masu fassara, muna ba da shawarar a bar « ƙungiya » ga ta sa-kai, a ce « ƙungiyar ƙwadago » ko « sandika » ga mai kare albashi, « ƙungiyar masana » ga mai taro da mujalla, sannan « majalisar sana'a » ga wadda take da ikon hani. Ga wannan ta ƙarshe aikatau « shiga » bai dace ba. « Rubuta suna » ya fi, domin majalisar tana da ikon gogewa.