Thole: aikatau ɗaya daga gidan niƙa zuwa kotu a tsohuwar Sikotilan

A tsoffin takardun mallakar ƙasa na Sikotilan akwai wani sharaɗi da manoma da mazauna birane suka tsana. Mai ƙasa yakan gina gidan niƙa a bakin rafi, inda ruwa ke juya manyan duwatsu, sannan ya ɗaure duk wanda ke zaune a yankin da cewa ba shi da ikon kai hatsinsa ko'ina sai nan. Sunan wannan ɗauri thirlage, yankin da aka ɗaure kuma sucken. Kamar dai a ce mai unguwa ya sayi injin niƙa, ya kuma sa doka cewa matar da ta kai markaɗe wata unguwa sai ta biya shi kuɗin da bai yi wa aiki ba. Ladan niƙan, wanda ake kira multure, da hatsi ake biyansa, a wurare da dama kashi ɗaya cikin 13. Bayan shi akwai ɗan abin da yaran mai niƙa ke ɗiba, har da wani awo mai suna gowpen, wato cikin tafin hannu biyu. Gyaran madatsar ruwa da jawo sabon dutsen niƙa daga nesa duk a wuyan mutanen yankin suke.

Rigima takan tashi a kan hatsin da aka sayo daga waje aka shigo da shi gari. Shi ma sai an biya masa? Lauyoyi suka ce sai an biya in dai hatsin ya “thole fire and water” a cikin yankin, ma'ana ya sha wuta da ruwa a can. Ƙasar mai danshi ce, hatsi ba ya niƙuwa sai an busar da shi a tanderu, sha'ir ɗin da za a yi giya da shi kuwa sai an jiƙa shi ya yi tsiro kafin a gasa. An yi ta ja-in-ja a kan ko gasa burodi da dafa giya su ma sun shiga lissafi, amma fahimtar da ta zauna ita ce jiƙawa da busarwa ake nufi. Dokar 1799 ta ba mutane damar fansar kansu da biyan kuɗi, sai dai ragowar tsarin bai mutu a hukumance ba sai a watan Nuwamban 2004, lokacin da aka soke tsohon tsarin mallakar ƙasa gaba ɗaya.

Aikatau ɗin da ke tsakiyar wannan magana, thole, shi ne wanda marubutan tsohuwar Sikotilan suke amfani da shi in za su ce mutum ya sha azaba ko ya ɗanɗani mutuwa. Shi aka ɗauko aka ɗora wa buhun sha'ir.

Ana furta farkonsa da sautin tha na Larabci, harshe tsakanin haƙora. Asalinsa daga tsohon Ingilishi ne, tholian, wanda a da ake rubutawa da wani harafi na musamman, þ, da ya ɓace daga baya. Yana da 'yan'uwa a ko'ina cikin harsunan arewacin Turai: thola a tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, thulan a harshen Gotik, dulden a Jamusanci, inda kalmar haƙuri, Geduld, ta fito. In aka ƙara tonawa za a iske saiwa ɗaya ce da ta tolerare na Latin, da kuma sunan Atlas na tatsuniyar Girkawa, wanda aka ɗora wa sama a kafaɗa. Ma'anar can ƙasa ita ce ɗaukar kaya. Daga ɗaukar kaya aka samu jurewa.

Harshen da ake magana a kansa, Sikots, dabam yake da Gelik na mutanen tsaunukan arewa. Ɗan'uwan Ingilishi ne na jini, ya tsiro daga karin maganar mutanen Nozambiriya da suka zauna a kudu maso gabashin ƙasar. Masu shi ma da farko Inglis suke kiransa. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 sunan Scottis ya fara kama shi, kuma Gavin Douglas, wanda ya gama fassara littafin Aeneid na Virgil a 1513, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan sabon sunan. Tun daga 1424, zamanin Sarki James na Ɗaya, da shi ake rubuta dokokin majalisar ƙasar. Harshen fada ne da kotu da kasuwa. Masana suna kiran duk abin da aka rubuta kafin 1700 tsohon Sikots.

A Ingila, bayan zuwan Normawa a 1066, kalmomin Faransanci irin su suffer da endure suka yi ta ture thole har ya fice daga harshen Landan, ya maƙale a arewa. A Sikotilan ma waɗannan baƙin sun shiga, amma ba su kori ɗan gida ba. Tare suka zauna, har marubuta takardun shari'a, masu son jera kalmomi biyu inda ɗaya ta isa, sukan haɗa thole da suffer a jimla guda. Rubutunsa kuwa kowa da nasa: thole, thoill, thoil, tholl, in abin ya wuce kuma tholit.

Ma'anarsa ta farko a bayyane take. John Barbour, babban malamin coci a Abadin, ya rubuta doguwar waƙarsa The Brus wajen 1375 a kan Sarki Robert Bruce da yaƙin Bannockburn na 1314, kuma wannan aikatau yana cikin waɗanda ya yi amfani da su wajen bayyana wahalar da sarkin da mutanensa suka sha lokacin da suke gudun ɓuya. Marubutan addinin Kirista sun yi amfani da shi ga azabar gicciye kamar yadda aƙidarsu ta ɗauka. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa ma, thole yake yi wa mutuwa.

Ma'ana ta biyu ce ta fi ɗaukar hankalina. In sarki ko basarake ko magajin gari ne mai aikatawa, sai kalmar ta juya ta zama ƙyalewa ko ba da izini. A dokokin majalisa da na birane ana cin karo da umarni cewa kada jami'i ya thole wani abu ya faru a yankinsa: kada ya bar mabarata masu ƙarfin jiki suna yawo, kada ya bar baƙon ɗan kasuwa ya yi ciniki inda ba a yarje masa ba. Aikatau ɗaya ke nan yana aiki a bakin na sama da na ƙasa. Talaka ya thole yunwa saboda ba shi da yadda zai yi, mai mulki ya thole talaka saboda ya ga dama. Wanda ke karanta tsohuwar takarda dole ya fara duba wane ne mai aikatawa kafin ya san ko wuya ake sha ko alfarma ake yi. Latin da Ingilishi ma sun bi wannan hanya da kalmominsu, amma a Sikots ma'anonin biyu sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba tare da ɗaya ta cinye ɗaya ba.

Inda kalmar ta yi saiwa mafi zurfi shi ne kotu. Assize a Sikotilan na nufin taron mutanen gari da ake rantsarwa su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin, kuma adadinsu ya zauna a kan 15. Wanda aka gurfanar, sai a ce zai “thole an assize”. Harshen da kansa ya yarda cewa tsayawa gaban shari'a wahala ce, ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Hukuncin ma da kalmomin tsabta da ƙazanta ake bayyana shi: wanda aka kama da laifi fylit ne, an ɓata shi, wanda ya kuɓuta kuma clengit, an wanke shi. Daga nan ƙa'ida ta fito: wanda ya sha wannan wuya sau ɗaya ba a sake ɗora masa ita a kan laifi guda. Wahalar da ya sha ta zama garkuwarsa.

Masu ƙarfi ba su yi jinkirin gane amfanin wannan garkuwa ba. A daren 10 ga Fabrairun 1567 aka tarwatsa gidan da Lord Darnley, mijin Sarauniya Mary, yake jinya a Kirk o' Field cikin Edinbura, aka tsinci gawarsa a lambu. Kowa na nuna James Hepburn, basaraken Bothwell. Ranar 12 ga Afrilu aka zauna shari'a. Bothwell ya cika gari da mayaƙansa, mahaifin mamacin kuwa, basaraken Lennox, wanda shi ne mai ƙara, bai yarda ya shigo ba don tsoron ransa. Ba a gabatar da shaida ba, aka wanke Bothwell a ranar. Kafin wata ya ƙare ya ɗauke sarauniya, ranar 15 ga Mayu kuma aka ɗaura musu aure. A takarda ya thole shari'arsa, ko da yake ban ga wuyar da ya sha a ciki ba. Garkuwar ba ta daɗe ba: manyan ƙasa suka yi masa tawaye, majalisa ta ƙwace sarautarsa da dukiyarsa a ƙarshen shekarar, ya ƙare rayuwarsa a kurkukun Dragsholm a Denmak a 1578.

Marasa ƙarfi kuwa sun ga ɗaya fuskar. Bayan dokar maita ta 1563, mutane da yawa, akasarinsu mata, sun thole assize bayan an riga an gana musu azaba a tsare. A shari'o'in North Berwick, lokacin da Sarki James na Shida ya haƙiƙance cewa mayu ne suka tayar wa jirginsa guguwa, masu yanke hukunci sun wanke wata mata mai suna Barbara Napier daga mafi girman tuhumar da ake mata a 1591. Sarki ya fusata, ya sa aka tuhumi su masu hukuncin da yin kuskure da gangan, ta wata hanya da doka ta tanada mai suna assize of error, sai da suka miƙa wuya gare shi. Wannan hanya ta shiga jerin koke-koken da aka gabatar a juyin mulkin 1689.

A lokacin harshen kansa ya riga ya fara ja da baya. Sauyin addini na 1560 ya zo ba tare da Baibul na Sikots ba, sai aka ɗauki na Ingilishi da aka buga a Janeba, mutane suka saba jin maganar Allah da harshen maƙwabta. A 1603 James na Shida ya gaji sarautar Ingila ya koma Landan da fadarsa. A 1707 majalisun Sikotilan da Ingila suka haɗe. Amma yarjejeniyar haɗewar ta bar wa Sikotilan dokokinta da kotunanta, kuma lauya mutum ne da ba ya son jefar da tsohuwar kalma. Alƙalan da suka koyi rubuta Ingilishi tsantsa sun ci gaba da cewa wane ya “tholed his assize”. Haka aka ce game da Madeleine Smith, wadda aka tuhuma da kashe saurayinta da guba a Gilasgo, aka kuma sallame ta a 1857 da hukuncin nan na musamman da ƙasar take da shi a lokacin, cewa ba a tabbatar da laifin ba.

A gida ma kalmar ba ta mutu ba. Har yau tsohuwa a Sikotilan za ta ce “canna thole” wane, wato ba ta iya jure shi. 'Yan Sikotilan da aka kai arewacin Ayilan tun daga 1609 sun tafi da ita. Mawaƙi Seamus Heaney, ɗan gundumar Derry, ya ba da labari a gabatarwar fassararsa ta tsohuwar waƙar Beowulf ta 1999 cewa ganin wannan kalma a tsohon Ingilishi, kalmar da ya saba ji a bakin wata gwaggonsa, ya sa ya ji yana da gado a waƙar. A Yokshaya ta Ingila ta ɗauki wata ma'ana mai ban dariya: thoil shi ne mutum ya iya raba kansa da kuɗinsa. Yana da kuɗin sayen abu, amma zuciyarsa ba za ta jure fitar da su ba.

Duk wannan bin sawu ya yiwu ne saboda wani aiki na masu haƙurin gaske. William Craigie, ɗan Dundee kuma ɗaya daga cikin editocin babban ƙamus ɗin Oksfod, ya kawo shawarar a yi wa tsohon Sikots ƙamus nasa a 1919. Kashin farko ya fito a 1931. Craigie ya rasu a 1957 aikin bai kai rabi ba, A. J. Aitken da wasu suka ɗora, sai a 2002 aka kammala shi cikin mujalladi 12. Ƙamus ɗin ba ya tsayawa ga faɗin ma'ana. Yana jera misalai daga waƙoƙi da dokoki da littattafan kotu da na birane, kowane da shekararsa. Tun 2004 yana kan intanet kyauta tare da ɗan'uwansa mai kula da harshen bayan 1700.

Ƙa'idar kotun nan, ta hana gurfanar da mutum sau biyu a kan laifi guda, ta rayu har cikin wannan ƙarni kafin a taɓa ta. A watan Oktoban 1977 aka kashe wasu 'yan mata biyu 'yan shekara 17 bayan sun bar wata mashaya mai suna World's End a Edinbura. Shekara 30 bayan haka, a 2007, aka gurfanar da Angus Sinclair bisa shaidar ƙwayoyin halitta, amma alƙali ya ce hujjar masu ƙara ba ta isa a miƙa ta ga masu yanke hukunci ba, ya sallame shi. A ƙa'ida magana ta ƙare, ya thole shari'arsa. Ƙasar ta yi ta tafasa, har majalisar Sikotilan ta yi doka a 2011 da ta riƙe tsohuwar ƙa'idar amma ta buɗe mata ƙofofi: in an samu sabuwar shaida mai ƙarfi a babban laifi, ko wanda aka wanke ya amsa laifinsa daga baya, ko aka gano an murɗe shari'ar farko da barazana ko cin hanci. Sinclair ne mutum na farko da aka sake gurfanarwa ƙarƙashinta. A watan Nuwamban 2014 kotu a Livingston ta same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai da sharaɗin sai ya yi aƙalla shekara 37. Ya mutu a kurkuku a 2019.