Zaizayar Baki: Tambayar da Kuɗin Bincike Bai Kai Gare Ta Ba

Duk wanda ya taɓa wanke randa ya san santsin nan da ke manne a cikinta, wanda zuba ruwa kawai ba ya fitar da shi sai an dirje. Ƙwayoyin cuta ne suka taru suka lulluɓe kansu da yauƙi. Irinsa ke taruwa a gindin haƙori, kuma shi Antonie van Leeuwenhoek ya kankaro daga bakinsa a 1683 ya duba da madubin da ya ƙera. A cikin wannan yauƙi ƙwayoyin sukan jure maganin da zai kashe su in suna warwatse, garkuwar jiki ma takan yi ta kai farmaki har ta ɓata naman da take karewa.

A ƙasarmu, mafi munin abin da ke farawa daga nan shi ne zaizayar baki, wadda wasu iyaye ke kira ciwon iska, likitoci kuma noma (kalmar Girkanci ce, ba ruwanta da aikin gona). Dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 ya fara jini, baki ya yi wari, kunci ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki sai nama ya yi baƙi ya zube. In ba magani, kusan 9 cikin 10 ba sa tashi. Sai a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

An daɗe ana farautar ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifi. Binciken da masanan Janeba suka yi a Damagaram daga 2001 zuwa 2006 bai same ta ba. Abin da ya gano shi ne rikicewar ma'aunin ƙwayoyin da dama ke zaune a baki, a jikin yaran da tamowa ta ci, waɗanda suka sha zazzaɓi, zawo ko ciwon ƙirji kwanan baya. Ke nan tambayar ta koma kan garkuwa: yara da yawa suna da ciwon dasashi, suna da tamowa, me ya sa wannan ya warke, wancan fuskarsa ta zaizaye?

Wannan tambaya ce ba ta samu mai ɗaukar nauyinta ba. Taimako ya fi karkata ga gyaran fuska, kamar aikin da ake yi a asibitin noma na Sakkwato tun 1999. Aiki ne na lada, amma wanda ya rayu kaɗai ke kaiwa teburin fiɗa.

Za a ce talauci ne tushe, a sayi abinci da rigakafin dusa a bar ɗakin gwaji. Akwai gaskiya a nan. Cutar ta bar Turai ne da ƙoshi da tsafta, sai yunwar sansanonin Nazi ta maido da ita. To amma ma'aikaciyar jinyar da uwaye ɗari ke jira a ƙofarta ba za ta jira a kawar da talauci ba. Buƙatarta ta san yau wane yaro za ta tsare.

Shi ya sa nake ganin Dakoro wurin wannan bincike ne. Tun yunwar 2005, da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar tamowa a garin, uwaye sun saba kawo yara awo, daga gonakin gero na kudu har rugagen makiyaya na arewa. Ana auna dantse, ana duba kumburin ƙafa. A ƙara buɗe baki, a ɗebi miyau da ɗigon jini da yardar uwa, a bi yaron daga yaye har ya wuce damina biyu. Kuɗin binciken kuwa ya ƙunshi firjin ajiya mai aiki da hasken rana, da horar da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da kayan gwaji a cibiyar CERMES ta Yamai, domin a karanta samfurin a ƙasar da aka ɗebe shi, sakamakon kuma ya dawo hannun mai awo a Dakoro.