Yadda Azumin Kwana Arba'in Ya Shigo Ƙasar Kagoro

Jama'a, duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Kafanchan wata Laraba cikin Fabrairu ko Maris ya ga mutane da alamar gicciye ta toka a goshi, to ya ga ranar farko ta azumin Kirista da ake kira Lent. Da yawa cikinmu mun ɗauka kowane Kirista yana yin sa. Tarihin Kagoro ya nuna ba haka abin yake ba.

Asalin azumin tsoho ne. Tun a taron manyan limaman coci da aka yi a Nikiya a shekarar 325 an ambaci kwanaki arba'in na shiri kafin Ista, don tunawa da kwana arba'in da Yesu Almasihu ya yi yana azumi a jeji. Daga Larabar Toka zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne, amma ba a lissafa Lahadi shida da ke ciki. Tokar kuwa daga ganyen dabinon da aka ɗaga a Lahadin Dabino ta bara ake samo ta, a ƙona, a shafa wa mutum don ya tuna daga ƙasa ya fito kuma can zai koma.

To amma Kiristancin da ya fara kafuwa a gindin dutsen Kagoro bai zo da wannan al'ada ba. Mishan ɗin SIM ne suka zauna a garin a ƙarshen shekarun 1920, suka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a 1931, kuma daga aikinsu ne cocin ECWA ta fito a 1954. Su masu wa'azi ne da karatun Littafi, ba ruwansu da toka ko kalandar azumi. Mutum zai iya yin azuminsa duk lokacin da ya ga dama, amma ba doka ba ce. Sarkin Kagoro Gwamna Awan, wanda ya hau sarauta a 1945 ya yi mulki har 2008, a wannan tarbiyya ya tashi.

Lent ta layin dogo ya fi shigowa. Da jirgin ƙasa ya iso Kafanchan wajen 1927, garin ya zama mahaɗa, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika shi, da yawansu 'yan Katolika da Angilikan ne. Fada-fada na mishan ɗin SMA da katikis-katikis suka bi ƙauyuka da makarantu, har a 1995 aka kafa Dayosis ɗin Katolika na Kafanchan, Joseph Danlami Bagobiri ya zama bishop na farko. Shi ya sa a yau za ka tarar da gida ɗaya, wa yana ECWA ba ya shafa toka, ƙane ɗan Katolika ya daina cin nama duk Juma'a.

Kada kuma a auna shi da Ramadan. Tun gyaran da Fafaroma Paul na Shida ya yi a 1966, azumin dole ga ɗan Katolika kwana biyu ne kawai, Larabar Toka da Juma'ar da ake tuna gicciye Yesu, kuma rage abinci ake yi, ana shan ruwa. Nauyin lokacin yana kan tuba, neman gafara, sadaka, da bin Hanyar Gicciye mai matsaya 14 kowace Juma'a da yamma. A ganina wanda ya ce azumin nan wasa ne bai taɓa tsayawa cikin coci mai rufin kwano a zafin bazara ba. Lokacin ma ya dace da sharar gona, ana ƙona ciyayi ana jiran ruwan farko.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son tunawa. A 1987 Larabar Toka ta faɗo ranar 4 ga Maris; kwana biyu bayan haka rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu har Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina, aka ƙona wuraren ibada, aka yi asarar rayuka. Ranar 20 ga Maris 2022, Lahadi ta uku cikin azumin, 'yan bindiga suka afka wa wasu unguwannin Kagoro da dare, suka kashe mutane sama da talatin. Waɗanda suka rasa 'yan uwansu a wannan dare cikin makoki suka ƙarasa azumin shekarar.

A 2025 kuwa azumin biyu sun haɗu. Musulmin Nijeriya sun ɗauki Ramadan ranar 1 ga Maris, Kirista suka shafa toka ranar 5 ga wata. Aka yi Ƙaramar Sallah a ƙarshen Maris, makwabta Kirista suka ci gaba da nasu har Ista, ranar 20 ga Afrilu.