Jakar Harsashi ta Sojan Doki: Asalinta da Tarihinta a Nijeriya

Jakar harsashi ƙaramin akwati ne na fata mai kauri, wanda soja ke ɗaurawa a ɗamara ko ya rataya a kafaɗa. A tsakiyar ƙarni na 19 ne gajerun bindigogin sojan doki da ake ɗura wa harsashi ta baya suka yaɗu.

Kafin nan, mai bindiga sai ya zuba albarushi ta baki, ya tura dalma, ya danna da sanda, kamar yadda 'yan bindigar fada ke ɗura albarushi ta baki a hawan salla har yau. Aiki ne mai wuya a ƙasa, balle a kan doki. Da aka haɗa albarushi da dalma cikin kwanso guda, sai buƙata ta koma ga abin da zai kare harsashi daga ruwa da girgizar sukuwa. Shi ya sa ake sanya katako mai ramuka a cikin jakar, kowane harsashi da gurbinsa. A yaƙin basasar Amurka, Erastus Blakeslee ya ƙirƙiro wata a 1864 domin bindigar Spencer, mai ɗauke da bututai, kowanne da harsashi bakwai.

Ingila ta karɓi bindigar Snider a 1866, sannan Martini-Henry a 1871. Irin waɗannan makamai ne suka shiga hannun dakarun da Turawa suka ɗauka aiki a Afirka ta Yamma, ciki har da rundunar Hausawa da John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda Rundunar Sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushenta. Ke nan tsoffin sojojin da ke zaune a rukunin gidajensu na Kurudu, a Abuja, magadan wannan tarihi ne.

Sarakunan Arewa ba su rasa dukawa da majema ba. Fatar Kano da Sakkwato ta yi suna har ƙetaren Sahara. Abin zubawa a jakar ne ya yi ƙaranci, musamman bayan yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. An ga sakamakon a Kwatarkwashi, a ƙarshen Fabrairun 1903, inda sojoji mahaya da ba su kai hamsin ba, ƙarƙashin Laftanar Wallace Wright, suka sauka daga dawakansu suka tare barden Kano. A nan Waziri Ahmadu ya rasu. Jaruntaka ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Saurin ɗura bindiga ne ya raba gardama.

Wanda ya gaji irin wannan jaka ya nisanta ta daga rana da damshi, domin hunturu na busar da fata har ta tsage, tagulla kuma na fitar da koren tsatsa mai cin ɗinki. Idan akwai tsohon harsashi a ciki, a miƙa shi ga 'yan sanda: yana iya tashi, kuma doka ta hana ajiye shi ba da lasisi ba.