Tarihin Rasa Aiki a Masana'antun Kano: Bompai, Sharaɗa da Chalawa

Rasa aiki a masana'antun Kano, abin da ma'aikata ke kira kora ko sallama, shugabannin kamfani kuma su ce rage ma'aikata, lamari ne da ya soma tsananta tun farkon shekarun 1980, kuma har yau bai lafa ba. Ya fi shafar unguwannin masana'antu guda uku: Bompai da ke Ƙaramar Hukumar Nassarawa, Sharaɗa da ke Ƙaramar Hukumar Birni, da Chalawa da ke Kumbotso. Tarihinsa ya haɗa da dalilan da suka durƙusar da kamfanoni, da kuma hanyoyin da mutanen da aka sallama suka bi suka ci gaba da riƙe gidajensu a ƙasar da gwamnati ba ta biyan marar aiki ko sisin kwabo.

Asalin aikin kamfani

Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, kuma daga gyaɗa da auduga da fata masana'antun farko suka tsiro. Bompai ce babbar yaya. Tun zamanin Turawa aka ware ta, inda Kwarori da sauran baƙin 'yan kasuwa suka kafa injinan matsar man gyaɗa, da kamfanonin alewa, turare, sabulu da kwanukan tasa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamna, kuɗin man fetur kuma suka shigo, sai aka yanka filaye a Sharaɗa kashi-kashi har uku, daga baya aka buɗe Chalawa a bakin kogi, wurin da ya dace da majemu saboda yawan ruwan da jima ke sha. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun jawo attajiran Kano ciki: zuriyar Alhassan Ɗantata, Alhaji Isyaku Rabi'u mai masaƙar Bagauda, daga baya Alhaji Nababa Badamasi mai masaƙar Gaskiya. A wancan zamani a Kano ake harhaɗa keken Raleigh, a nan kuma kamfanin NTM ke harhaɗa manyan motocin Fiat.

Wani masani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya zauna da leburorin Bompai a farkon shekarun 1970, ya fitar da littafi a kansu a 1986. Abin da ya gano yana da amfani wajen fahimtar abin da ya faru daga baya. Da yawa daga ma'aikatan 'yan ci-rani ne da tsofaffin almajirai daga ƙauyukan Kano, kuma ba su ɗauki aikin kamfani a matsayin sana'ar mutu-ka-raba ba. Burin mutum ya tara ɗan jari ya buɗe tebur ko shago, ya zama mai cin gashin kansa. Duk da haka sun san haƙƙinsu: lokacin da Hukumar Adebo ta ba da shawarar ƙarin albashi a 1970 zuwa 1971, wasu kamfanoni suka yi ta jan ƙafa, ma'aikatan Bompai suka fito yajin aiki suna bi kamfani-kamfani suna fito da 'yan'uwansu. Ƙarin albashin Udoji na 1974 shi ne ƙololuwar zamanin da ɗan kamfani ke sayen keke da rediyo a wata guda.

Yadda abin ya lalace

Faɗuwar ta zo hawa-hawa. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun kashe dalar gyaɗa, masu matsar mai suka rasa abin matsa. Farashin man fetur ya karye a kasuwar duniya, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a 1982, lasin shigo da kaya ya yi wuya. Nan asirin yawancin kamfanonin ya tonu, domin injinansu da kayan gyara da sinadaransu duk daga waje ake kawowa. Korar farko mai yawa ta faru a wannan tsakanin. Sai shirin SAP na gwamnatin Ibrahim Babangida a 1986 ya karya darajar Naira, abin da ake saye da Dala ya ninka, mai saye a kasuwa kuma aljihunsa ya bushe.

Masaƙu ne suka fi shan wuya, kuma su ne suka fi ɗaukar mutane. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Ko da aka maido da haramcin daga baya, fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar ya riga ya zama hanya mai faɗi. A Janairun 2005 yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin tufafi a duniya ta ƙare, atamfar ƙasar Sin ta cika Kantin Kwari a farashin da masaƙar Sharaɗa ba za ta iya ko kusantarsa ba. Abin takaici a nan shi ne kasuwar da ta fi kowace girma a cinikin yadi a wannan yanki tana tsakiyar Kano, amma ɗan Kano da ke saƙa yadi ya rasa wurin sayarwa a cikinta.

Wutar lantarki kuwa ita ce ciwon da ya ƙi warkewa. Sunan hukumar wutar ya sauya daga NEPA zuwa PHCN a 2005, rarraba wutar Kano ya koma hannun KEDCO a 2013, amma mai kamfani bai daina dogaro da janareto ba. Baƙin mai da tukunyar tururin masaƙa ke sha daga matatar Kaduna yake zuwa, matatar kuma ta fi daɗewa a tsaye fiye da a aiki. Kamfanin Legas yana da iskar gas a kusa da tashar jirgin ruwa a ƙofarsa. Na Kano sai ya biya kuɗin tirela na tafiyar kilomita kusan 1,000 kafin kaya su iso. An ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 a Yunin 2020 domin toshe wannan giɓi. Hare-haren 20 ga Janairu, 2012, waɗanda suka shafi hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai, sun ƙara korar baƙin 'yan kasuwa. Cire tallafin mai a Mayun 2023 da ƙarin kuɗin wuta na Afrilun 2024, inda masu amfani da wuta na rukunin farko suka tashi daga kusan Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni, sun sake tsunduma kamfanonin da suka rage cikin rage ma'aikata.

Ranar sallama da abin da ke biyo baya

Sau da yawa ba a rufe kamfani rana ɗaya. Aikin da ake yi kashi uku, safe da yamma da dare, sai a mayar da shi biyu, sannan ɗaya. Sai a ce kowa ya tafi hutu har a sami kayan aiki. Wata safiya mutum ya jingine kekensa ya tarar da takarda manne a bakin get, mutane sun yi cincirindo kowa na bin layin sunaye da yatsa. Dokar ƙwadago ta ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata, kuma wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, a kuma daidaita a kan kuɗin sallama. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978 kuma Adams Oshiomhole ya daɗe yana sakatarenta, ta yi ƙarfi wajen ƙwato wannan haƙƙi. Amma ma'aikacin wucin gadi, wanda ake ɗauka kullum a bakin get a biya shi a ƙarshen mako, ba shi da takarda balle garatuti. Ko masu takardar ma ba kullum suke samu ba: ma'aikatan masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka rufe a 2002, sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa suka rasu ba su karɓa ba.

Kuma korar mutum ɗaya ba ta tsaya a kansa. Mai shayin bakin get, matar da ke aiko da shinkafa da wake a kula, mai facin keke, mai gidan haya a Dakata, Kawaji, Gama da Tudun Murtala, duk da albashin nan suke rayuwa.

Babur ne ya ɗauki kaso mafi girma na waɗanda aka sallama. Mai ɗan kuɗin sallama ya sayi nasa, marar shi ya karɓi na wani yana kai balas kullum da yamma. Haka acaɓa ta cika Kano, har zuwa Janairun 2013 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero. Mutane da yawa suka rasa sana'a karo na biyu, suka koma tuƙa A Daidaita Sahu, mai ƙafa uku da aka fara kawowa zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Wasu sun koma ƙauye noma, wasu suka shiga Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa suna dako ko tsaron shago, har ma tsohon masaƙi ya wayi gari yana auna wa mutane yadin da ya kashe masa aiki. A cikin gida kuwa mata ne suka riƙe tukunya da ƙuli-ƙuli, ɗinki, kitso da adashi, aikin da ba a cika lissafa shi ba idan ana ba da wannan tarihi.

Akwai kuma ɓangaren zuciya, wanda ba a faye magana a kansa ba. Magidancin da ya saba fita da jiniyar safe, zama a gida nauyi ne gare shi, ga gorin zaman kashe wando. Majalisa ce ta zama mafakarsa: benci ko tabarma a ƙofar gida bayan La'asar, inda ake jin labarin wane kamfani ke ɗiban mutane, a haɗa wa wanda matarsa ta haihu kuɗin rago, a ranta wa wani jarin goro. Masallacin unguwa, zawiyya, ƙungiyar 'yan gari ɗaya da gidan kallon ƙwallo duk sun yi irin wannan aiki. A shekarun da kamfanoni suka soma durƙushewa ne kuma littattafan soyayya na Kano suka bunƙasa, fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, sana'ar finafinan Hausa ta buɗe wa matasa ƙofar da a da kamfani ke buɗewa: masu buga kaset, masu haya, masu tallan littafi a baro.

Gwamnatin Tarayya ta ware asusun Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin farfaɗo da auduga da masaƙu, Babban Banki kuma ya hana ba da Dala don shigo da yadi a 2019. Masaƙun da suka mutu ba su tashi ba. Abin da ke numfashi yanzu a unguwannin uku shi ne roba, takalma, tabarmar leda, lemon kwalba, casar shinkafa da jimar fata a Chalawa, kuma yawancin masu aikin na wucin gadi ne. Gine-gine da yawa a Bompai da Sharaɗa sun koma sito, ana jibge kayan da aka shigo da su daga waje a inda injinan saƙa suke a da.